Sai na sayi kwamfuta mai tsada kafin yaro ya ƙware a wasan ces?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya kamu da son darar ces, har yana wakiltar makarantarsu. Ya matsa in saya masa babbar kwamfuta da manhaja ta kuɗi, wai ya samu abokin karawa mai ƙarfin zakarun duniya. Anya kwamfuta ta kai su? Daga wani uba a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ta kai su, ta ma bar su a baya tuntuni. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki 3½ da 2½. A 2006 manhajar Deep Fritz ta cinye zakaran duniya na lokacin, Vladimir Kramnik, 4 da 2. Makin Elo (ma'aunin ƙarfin ɗan wasan ces) mafi yawa da ɗan Adam ya taɓa samu shi ne 2882 na Magnus Carlsen a 2014, alhali manhajar ces ta Stockfish ta haura 3500 a jadawalin karawar manhajoji. Ma'aunan biyu sun ɗan bambanta, amma ko tazarar 400 ce, mai ƙarfin kan kwashe kusan kashi 91 cikin 100 na maki.

To, Stockfish kyauta ce, kuma ko a wayar Android ta fi ƙarfin kowane zakara. Riƙe kuɗinka. A sauke masa Lichess ko DroidFish, manhajojin waya masu ɗauke da Stockfish.

Inda yara ke ɓata lokaci shi ne karawa da ita da cikakken ƙarfinta: ta cinye shi, ya tashi bai san inda ya kuskure ba. Lichess na da mataki 1 zuwa 8, ɗanka ya fara daga na 3. Abin da ya fi amfani, ya buga da mutane, ya duba wasan da kansa tukuna, sannan ya buɗe manhajar. Ya bari zurfin lissafinta (yadda take hangen wasan gaba) ya kai 20 kafin ya yarda da hukuncinta. Manhajar kan nuna lambar da ke auna wanda ke kan gaba; kada ƙaramar lamba irin +0.3 ta dame shi, ya nemi wurin da lambar ta yi tsalle da 2 ko fiye, nan ne ya zubar da doki ko ya bar sarki a fili.

A zafin Maris da Afrilu waya kan ɗau zafi ta rage gudu, lissafin ya ja baya. A cire ta daga caji da rigarta lokacin nazari.

Ka ja masa kunne sosai: leƙen manhaja ana cikin wasa a intanet maguɗi ne, ana ganewa, kuma ana hukunta asusun mai yi. Kuɗin nan, allon ces da agogon gasa da data za su fi yi masa amfani.