Kwantam, Zarra da Idon Tsuntsu: Amsoshin Wannan Mako

Tambaya daga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo: Allah gafarta Malam, ana ta cewa akwai "kwantam" a jikin masu rai. Mece ce wannan kalma?

Ɗana, kalmar aro ce, tushenta Latin, tana nufin adadi. A 1900 Max Planck, Bajamushe, ya nuna cewa makamashi ba ya kwarara kamar ruwan famfo, ɗigo-ɗigo yake zuwa, kowane ɗigo da awonsa. Wannan ɗan awon shi ne kwantam. Ni na bar ta a haka, tunda mun riga mun karɓi lantarki da kwamfuta ba mu mutu ba.

Inda take shiga jikin mai rai kuwa, nan ne daɗin. A 1972 masana Jamusawa Wolfgang Wiltschko da matarsa Roswitha suka nuna cewa wani ɗan tsuntsun Turai mai jan ƙirji yana gane inda zai dosa ta maganaɗisun duniya. Ta yaya? A 1978 wani masani, Klaus Schulten, ya kawo hasashe, daga baya aka danganta shi da wani furotin na cikin ido mai suna kiriftokurom. Haske mai launin shuɗi na taɓa shi, sai ƙwayar lantarki ɗaya ta yi tsalle, ta bar 'yar'uwarta. Sun rabu, amma juyinsu na ɗaure da juna, kuma maganaɗisun ƙasa, duk rauninsa, yana iya karkata shi. A 2021 masana na jami'o'in Oxford ta Ingila da Oldenburg ta Jamus suka gwada furotin ɗin wannan tsuntsu a ɗakin bincike, ya amsa wa maganaɗisu. A cikin kwalba fa, ba a idon tsuntsu mai rai ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu yawo da 'yar na'ura suna cewa "kwantam" ce, ka riƙe wani ƙarfe minti ɗaya a karanto maka ciwon hanta da na ƙoda. Kalma ta yi nauyi a baki, shi ke nan an samu jarin talla. Ku tafi asibiti a ɗebi jini.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Mabera: To shamuwa ma da wannan take gane hanya ta iso mu farkon damina?

'Yata, a ƙananan tsuntsaye masu tafiyar dare aka yi yawancin gwajin. Kada a ɗora wa shamuwa kayan da ba nata ba.

Tambaya daga Runjin Sambo: "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Kima ita ce daraja?

A nan a'a. Gwargwado ake nufi, wato ido na kintatar yawan abu ba tare da an auna ba.

Tambaya daga Wamakko: "Ƙwayar zarra" da "ya yi zarra" abu ɗaya ne?

Ko kusa. Ta farko ƙanƙanta ce matuƙa, daga Larabci. Ta biyu fifiko ne a kan tsara.