Digiri na biyu a Ingila ba shi ne lasisin awon ido ba

Assalamu alaikum ƙanwarmu. Mun karanta saƙonki. Kin ce kin gama digirin farko a fannin fisiyoloji, kin yi hidimar ƙasa, yanzu kina son zama likitar awon ido. Wani ejan ya nuna miki masta ta shekara ɗaya a fannin optometiri, wato ilimin awon ido, a Ingila, ya ce da kin gama sai ki fara duba marasa lafiya, kina tambaya ko ki ba da kuɗin kafin alƙalami. Kada ki bayar.

Jami'a digiri take bayarwa, izinin taɓa idon mutum kuwa a hannun hukuma yake. A Birtaniya hukumar ita ce General Optical Council, wadda ake kira GOC, kuma dokar 1989 da take aiki da ita ta mai da awon ido ba rajista laifi, in ba ga likitan asibiti mai tasa rajistar ba. Irin mastar da aka nuna miki, wadda jami'o'i kamar Cardiff da Aston suke yi, an shirya ta ne don waɗanda suka riga suka zama likitocin awon ido, suna neman zurfafa sani a kan hawan jinin ido, ko cututtukan bayan ido, ko kula da masu raunin gani. Da yawansu ma ba za su ɗauke ki ba. Waɗanda za su iya ɗaukar mai digiri irin naki su ne na bincike a kimiyyar gani ko na kiwon lafiyar al'umma. Karatu ne mai kyau, amma ranar da kika gama shi matsayinki a gaban GOC ɗaya ne da ranar da kika sauka daga jirgi.

Gane gaskiyar kwas ba shi da wuya. Ki buɗe shafin GOC, ki nemi jerin kwasa-kwasan da ta amince su kai mutum ga rajista. In sunan kwas ɗin da na jami'ar ba sa ciki, magana ta ƙare, ko me ejan ya ce. Wata alamar kuma, duk ɗalibin da ke kwas na gaske dole ya yi rajistar ɗalibta da GOC, yana sabunta ta kowace shekara. Ki tambayi jami'ar da kanki ta imel: shin ɗaliban wannan kwas suna rajista da GOC? Ki adana amsar.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne yanzu kwas ɗin da ke kai wa ga lasisi a Birtaniya shi ma sunan masta gare shi, wato MOptom a yawancin jami'o'i. GOC ta sauya tsarin horarwa a 2021, daga 2023 jami'o'i suka fara ɗaukar ɗalibai a sabon tsarin. A Ingila shekara 4 ne, da aikin koyo na kusan mako 44 a shagon awon ido ko asibiti a cikinsa. Sai dai 'yan sakandare ne suke shigarsa. Ke ma an yarda ki nema, a Bradford ko Manchester ko Anglia Ruskin ko Plymouth, amma ki sa a ranki daga aji ɗaya za ki fara, kuma kuɗin ɗalibin waje yana kamawa daga wajen fam 18,000 zuwa sama da 30,000 a shekara, ban da haya da abinci da kuɗin lafiya na fam 776 da ake biya kan kowace shekarar biza.

Inda ake shiga wannan aiki bayan digirin farko, kamar yadda kike so, shi ne Amurka da Ostiraliya.

A Amurka kowa ma haka yake shiga: digirin farko tukuna, sannan shekara 4 na digirin OD, wato digirin likitan awon ido, a ɗaya daga makarantu fiye da 20 da hukumar ACOE ta tantance. Ana neman gurbi ta kafa ɗaya, OptomCAS, wadda ake buɗewa a ƙarshen Yuni. Makarantun suna cike gurabe ne yayin da takardu ke shigowa, don haka mai nema a Satumba ya fi mai nema a Fabrairu dama ko da makinsu ɗaya. Sunan digirinki bai dame su ba, darasi bayan darasi suke dubawa: bayoloji, kemistiri na gama-gari da na oganik, fiziks, duk da aikin ɗakin gwaji, sai kalkulas, ƙididdiga, ilimin ƙwayoyin cuta da ilimin halayyar ɗan Adam. A nan masu digirin fisiyoloji ko anatomi daga gida suke samun giɓi, domin da yawa ba su yi kalkulas ko ilimin halayya ba. Wasu makarantun kuma sai darussan da aka yi a Amurka ko Kanada suke karɓa. Jarrabawar shiga sunanta OAT, makinta daga 200 zuwa 400, ta ƙunshi kimiyya, fahimtar rubutu, fiziks da lissafi. A Amurka da Kanada ake rubuta ta, shi ya sa za ki fara tambayar kowace makaranta ko tana karɓar GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, a madadinta. Da dama suna karɓa, ita kuwa ana rubuta ta a Najeriya. Bayan shiga akwai jarrabawar ƙasa ta NBEO kashi uku: na farko a shekara ta uku, sauran biyun a ta huɗu, na ukun kuma sai kin je Charlotte a jihar North Carolina da ƙafarki. Daga nan kowace jiha da nata lasisin. Makarantu masu zaman kansu suna cin sama da dala 40,000 a shekara, bashin karatu na gwamnati ba ya hawa kan baƙo, dokokin biza ga 'yan Najeriya da Nijar kuma sun tsananta ƙwarai a 2025. Ki san matsayin biza kafin ki kashe ko sisi a kan jarrabawa.

A Ostiraliya, Jami'ar Melbourne tana da OD na shekara 4 ga masu digirin farko, Jami'ar Yammacin Ostiraliya da ke Perth kuma ta buɗe nata na shekara 3 a 2021. Mai tantance kwasa-kwasan ita ce OCANZ, rajista kuma a hannun hukumar optometiri ta ƙasar take, ƙarƙashin Ahpra mai kula da rajistar ma'aikatan lafiya. Kyan wannan hanya shi ne wanda ya gama yana fitowa da izinin rubuta magungunan ido, abin da a Ingila aka saba sai an ƙara wani horon kafin a samu. Digirinki na fisiyoloji ya fi kusa da abin da suke nema. Amma kuɗin Melbourne ya haura dalar Ostiraliya 50,000 a shekara, kuɗin neman biza kaɗai ya kai 2,000 tun Yulin 2025, aikin da aka yarda ɗalibi ya yi kuwa awa 48 ne a mako biyu. Kada kowa ya ce miki za ki biya makaranta da wannan aikin. Ba ya isa, kuma shekarun asibiti ba sa barin lokaci.

Kanada makarantu biyu ne suka daɗe suna horarwa, Waterloo da Ingilishi, Montréal da Faransanci, gurbin baƙo a cikinsu kaɗan ne ƙwarai.

Yanzu ga abin da za mu gaya wa ƙanwarmu ta ciki ɗaya. In ba tallafin karatu gare ki a rubuce ba, wanda ya ɗauki dukan shekarun, ki yi OD a gida. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen optometiri, haka Jami'ar Benin da ta fi kowa daɗewa a fannin, da Ilorin da Jami'ar Jihar Abia. A Gana akwai KNUST ta Kumasi da Cape Coast. Shekara 6 ne, inda aka karɓi digirinki ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB kuwa daga aji biyu za ki fara. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki da rajista da ODORBN, hukumar masu awon ido ta Najeriya da aka kafa da dokar soja mai lamba 34 ta 1989. Mun san komawa aji da yara bayan an yi hidimar ƙasa yana da nauyi a zuciya. Amma ki lissafa: shekara 5 a Kano, ko 4 a Bradford da kuɗin da ya ninka sau da yawa. Kuma OD na gida ba ya rufe ƙofar waje. Da shi za ki iya kai takardunki GOC ta auna karatunki da aikinki, ko ki zauna jarrabawar OCANZ ta rubutu da ta duba marasa lafiya, ko ki nemi shirin shekara 2 da New England College of Optometry da ke Boston take yi wa likitocin awon ido na ƙasashen waje. A lokacin ne ma waccan mastar ta ejan za ta yi miki amfani.

Aikin a gida ba ƙarami ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya samu kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kusan 17. Wanda ya yi horo a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano yana ganin cutar da ta yi nisa fiye da yadda ɗalibin Ingila zai gani a duk shekarunsa.

Ko ina kika yi shi, ki san irin karatun da za ki shiga. Mutane suna zaton bayoloji ne, sai su tarar da fiziks na haske da lissafin gilasai a shekarun farko, a nan aka fi zubewa. Ƙarfin gilashi da dayofta ake aunawa, ana hawa da 0.25. In kina haska ido da retinoskof, fitilar da ake gano ƙarfin gilashin da ido ke bukata da ita, daga nisan santimita 67, sai kin cire 1.50 daga abin da kika samu, in 50 ne 2.00. Ɗalibar da ba ta tsayar da nisan hannunta wuri ɗaya ba kullum awonta a karkace yake fitowa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika wa yaro ko matashi gilashin ragi, wato na wanda ba ya ganin nesa, fiye da bukatarsa. Idonsa yana iya matsawa ya rama, sai ya ce miki ya fi gani, bayan mako guda ya dawo da ciwon kai. Shi ya sa ake ɗora masa ƙarin 1.00 a ƙarshe: mai karanta layin 6/6 na allon awo, layin mai cikakken gani, ya kamata ya koma wajen 6/18 mai manyan haruffa, in bai koma ba an cika ragi. Ƙananan yara kuma ana ɗiga musu cyclopentolate, maganin da ke hana idon matsawa, a jira minti 30 zuwa 40, idanu masu duhu irin namu sukan fi jinkirin amsawa.

Ga hawan jinin ido, matsin da aka saba gani 10 zuwa 21 ne, amma kada ki taɓa sallamar mutum don na'ura ta nuna 17. Akwai masu cutar da matsinsu bai taɓa haura 21 ba, kuma in fatar gaban ido siririya ce awon yakan fito ƙasa da gaskiya. Sai an duba kan jijiyar gani da faɗin ganin mutum. Mutanen Afirka ta Yamma cutar tana kama su da wuri, tana kuma cin ido da sauri, wannan ilimi ne da za ki yi aiki da shi a kan danginki. Kafin ki ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, ki duba kusurwar da ruwan ido ke fita, domin in ƙunci gare ta maganin yana iya toshe ta. Wanda ya zo yana cewa yana ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo suna yawo kwatsam, a buɗe idon a duba a ranar, don tantanin bayan ido yana iya yagewa.

Waɗanda suka yi karatu a gida suka je jarrabawar lasisi a waje, ba sanin cuta ne yake kayar da su ba. Abin da ke kayar da su shi ne gilashin da ake maƙalawa a ido, wanda ba a cika yin sa a gida ba, da karanta hoton OCT na cikin ido, da sanin wa za a tura asibiti yau, wa zai jira mako, da dokokin ƙasar, da rubutun kati. Duk abin da ba ki rubuta ba mai jarrabawa zai ɗauka ba ki duba ba. Ga kuma lokaci: a shagunan awon ido na Ingila minti 20 zuwa 30 ake ba kowane mutum, har da tambayoyi da bayani.

Wani abu da ya kamata ki tattauna da na gida tun yanzu: aikin kusa da fuskar mutum ake yin sa, a ɗaki mai ƙarancin haske, maza da mata. Hijabi ba ya hana aiki, 'yan uwa mata da yawa suna yi da shi. Amma asibitocin Ingila suna da ƙa'idar naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu lokacin taɓa mara lafiya saboda tsafta, kuma shaguna suna aiki Asabar, wasu har Lahadi.

Batun takardu, ba a fafe gora ranar tafiya. Fitar da tiranskirif daga jami'o'inmu yakan ɗauki watanni, kuma masu tantancewa irin WES sai wanda jami'a ta aiko da kanta suke karɓa. Ki nemi kundin bayanin darussan sashenku na shekarun da kika yi, mai nuna abin da aka koyar da yawan awanni, domin da shi ake yanke ko darasinki ya cika sharaɗi. Sunanki da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a fasfo, WAEC, digiri da NIN. In akwai saɓani ko na harafi ɗaya, ki gyara shi yanzu. Hukumomin lasisi a Birtaniya da Ostiraliya maki 7 suke nema a jarrabawar Ingilishi ta IELTS ta masu neman karatu, sakamakon kuma shekara 2 yake aiki, saboda haka kada ki rubuta tun da sauran nisa. In Birtaniya ce, kuɗin da za ki nuna sai sun kwana 28 a jere a asusu, akwai gwajin tarin fuka a cibiyar da suka amince da ita, kuma tun Janairun 2024 ɗalibin kwas irin wannan ba ya tafiya da miji ko 'ya'ya a bizarsa.

Ki turo mana jerin darussan da ke tiranskirif ɗinki da makin kowanne, da ƙasar da kike son zama ki yi aiki, da abin da iyali za su iya ɗauka a shekara ba tare da sayar da gida ko gona ba. Da su za mu gaya miki wace makaranta ce ta cancanci ki biya kuɗin neman gurbi. Ki gaida su Baba da Mama. Allah Ya yi miki zaɓi mafi alheri.