Amsar Anti ga ƙanwarmu mai aikin kwantiragi da juna biyu

(An rubuta wannan daga muryar da Anti ta turo, don waɗanda ba su samu damar saurara ba.)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata, na saurari muryarki har sau biyu, kuma na ji yadda take rawa. Da farko dai Allah Ya raba lafiya, Ya sa mai albarka ne. Ciki arziki ne, kar ki bari tsoron ofis ya sa ki riƙa kallonsa kamar wani laifi da kika yi.

Bari in maimaita abin da kika ce don waɗanda ba su ji ba. Kin fara aiki farkon watan Maris, aikin shigar da bayanai a kwamfuta, ta hannun kamfanin ejan, wato masu ɗaukar ma'aikata su tura su aiki a wasu kamfanoni. Kwantiragin wata shida-shida ne, na yanzu zai ƙare ƙarshen Agusta. Cikinki wata huɗu, sikanin ya nuna tsakiyar Janairu. Kina tambaya ko kina da hutun haihuwa, kuma ki faɗa musu yanzu ko ki yi shiru.

To, kina da shi. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ta Najeriya bai ware ma'aikaciyar dindindin da ta kwantiragi ba. Ya ce mace na da damar barin aiki idan ta kawo takardar likita da ke nuna saura mako 6 ta haihu, sannan ba za a sa ta aiki ba a mako 6 na bayan haihuwa. Mako 12 ke nan gaba ɗaya. Hutun wata shidan da kike ji ana ba matan Kaduna da Legas, wannan na ma'aikatan gwamnatin jiha ne, bai shafi kamfani ba. Dokar kuma ta fi rufe masu aikin hannu da na akawu, irin naki ya shiga. Manajoji da ƙwararru, su takardar ɗaukarsu aiki ce ke magana a kansu.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne maganar kuɗi. Dokar ta ce a biya ki aƙalla rabin albashi a lokacin hutun, amma da sharaɗi: sai kin yi wata 6 kina aiki da su a jere, ba yankewa, kafin ranar da kika tafi. Yanzu ɗauko kalanda mu lissafa. Mako shida kafin tsakiyar Janairu, farkon Disamba ke nan. Daga Maris zuwa Disamba wata tara, kin wuce sharaɗin. Amma kin san abin da wasu kamfanonin ejan ke yi? Idan kwantiragi ya ƙare sai su ce ki zauna gida mako biyu, za su kira ki. Ke kina ganin hutu ne, alhali ya ba su ƙofar cewa sabon ɗauka suka yi miki a Satumba. Daga Satumba zuwa Disamba kuwa wata uku ne kacal. Kin ga rabin albashin ya shiga rigima. Don haka ki dage sabuwar takarda ta ɗauki kwanan 1 ga Satumba, washegarin ƙarewar tsohuwar. Ko sun yi jinkirin kawo ta, ki ci gaba da zuwa kina sa hannu a littafin zuwa aiki, kina ɗaukar hoton shafin da wayarki.

Zan gaya miki abin da ya same ni, don ban karanta wannan a littafi ba. Cikina na biyu ina aikin karɓar kuɗi a wani kamfani, ni ma ta hannun ejan. Shugabanmu mutumin kirki ne, ya ce min, Hajiya je ki haihu lafiya, kujerarki na nan. Baki da baki, ban nemi ya rubuta ba, don kunya. Ranar da na koma, da jakar kayan jariri a kafaɗa, nono na zuba har ya jiƙa min hijabi, mai gadi ya karɓi katina ya juya shi, ya ce Hajiya ai wannan ya daina aiki. Na leƙa ta gilashi na hango wata yarinya zaune a kujerata, kofina na shayi yana nan gefen kwamfutar inda na bar shi. An canja wa shugaban wurin aiki, kwantiragina ya ƙare ina gida. Ba wanda ya kore ni. Kawai ba a sabunta ba.

Wannan shi ne ramin, ƙanwata. Doka ta hana a ba ki takardar sallama kina cikin hutun haihuwa, ko a ba ki wadda wa'adinta zai cika kina hutun. Har idan rashin lafiyar da ta biyo ciki ko haihuwa ta sa kin ƙara kwanaki, kamar wadda aka yi wa tiyata, muddin likita ya rubuta, kariyar na nan. Amma kwantiragin da lokacinsa ya cika, ƙarewa yake da kansa, ba sai an sallame ki ba. Duba naki: na biyun zai ƙare ƙarshen Fabrairu, hutunki ma ƙarshen Fabrairu zai ƙare. Mako shida kwana 42 ne, kina gama arba'in da kwana biyu sai aiki, kuma a makon ne takardarki ke mutuwa. Shi ya sa tun kafin ki tafi a Disamba ki nemi su rubuta miki ranar dawowa da matsayin kwantiragin Maris. Idan sun ƙi rubutawa, kin fahimci inda suka dosa, sai ki fara neman wani wuri tun da sauran lokaci.

Maganar faɗa ko shiru kuwa, ga ra'ayina, kuma na san wasu a nan za su saɓa min. Ki sa hannu a sabon kwantiragin tukuna, tunda saura 'yan kwanaki. Abin da doka ta nema a wurinki takardar likita ce idan lokacin hutu ya matso. Amma idan an tambaye ki kai tsaye, kar ki yi ƙarya, ba kyau, kuma za su iya riƙe ta a kanki. Da zarar kin sa hannu, ki sanar da su a rubuce, ta imel, ki tura wa ejan da kuma shugabanki na wurin da kike aiki. Na san kunyar cikin fari, ko mahaifiyarki ba ki iya gaya wa da baki ba. Rubutu ya ɗauke miki wannan nauyin, layi uku ya isa. Amfaninsa shi ne duk abin da suka yi bayan ranar, akwai shaidar sun sani. Zuwa awo ma sai ki nemi izini a fili, ba kullum ki ce kanki ke ciwo ba.

Ki duba takardarki ki ga sunan wa ke sama. Galibi ejan ne mai ɗaukarki, shi zai biya rabin albashin, kuma za su yi ta tura ki tsakaninsu, wannan ya ce je wurin wancan. Idan abin ya ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharku, suna kiran kamfani a zauna. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Sama da su akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Kano da Kaduna da Abuja, kuma ta taɓa sa a biya diyya ga matar da aka sallama bayan ta sanar tana da ciki.

Kuɗin asibiti dai doka ba ta ɗora wa kamfani ba, sai in suna da inshorar lafiya, ki tambaya ko ta haɗa da haihuwa. Ku zauna da maigida ku yi lissafin wata uku a kan rabin albashi, in da hali ki shiga adashin da kwasarki za ta faɗo Disamba. Idan kin koma kuma kina da rabin awa sau biyu a rana na shayarwa, wannan ma yana cikin sashen.

Ki ɗauki hoton kwantiragin, gaba da baya, ki turo min ta gefe yau da daddare, mu duba abin da suka rubuta a kan sabuntawa. An kira Magariba, sai na ji ki.