Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Rodin Sitona Yake Tsatsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da sito a Kamba, inda nake ajiye gishiri da takin zamani. Ginshiƙansa sun fara tsagewa daga gindi, wani jan ruwa yana tsattsafowa, har rodi ya bayyana a wuri biyu. Bara birkila ya shafe wurin da siminti, bana ya sake ɓarewa. Na ji ana cewa wannan matsalar gine-ginen bakin teku ce, irin na Legas, to me ya kawo ta Kebbi? Daga wani ɗan kasuwa, Kamba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba teku ce take cin rodi ba, gishirin da ke cikinta ne, kai kuwa ka tara shi buhu-buhu a jikin ginshiƙanka. Sinadarin da ke yin ɓarnar shi ne kulorayid, wanda yake cikin gishirin miya, yake kuma cikin takin fotash da ake haɗa yawancin NPK da shi. Rijiya mai ruwan zartsi ma tana iya shigar da shi tun ranar da aka kwaɓa kankaren.

Lafiyayyen kankare yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma wannan kaifin ne yake sa wata siririyar fata ta lulluɓe rodi ta hana shi tsatsa. Idan danshin damina ya narkar da gishirin da ya zube a daɓe, ruwan yakan bi ƙananan ƙofofin kankare sannu a hankali har ya cim ma ƙarfen, kuma da zarar kulorayid ya kai kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na nauyin siminti, fatar nan takan fara hujewa. Tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu zuwa shida, shi ya sa take tunkuɗo kankaren daga ciki.

Shafen birkilanka kuwa rufe tukunya ne da wuta a ƙarƙashinta. Sai an sassaƙe duk kankaren da ya sha gishiri har bayan rodin, a kankare tsatsar sai ƙarfe ya yi haske, a ƙara sabon rodi inda tsohon ya sirance, sannan a cike da turmin gyara mai ƙarfi. Kada a taɓa ginshiƙi sai injiniya ya duba, an kuma tokare ginin.

Idan za ka ƙara gini, ka sa ido a kan ruwa, domin leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda sauƙin zubawa, alhali ruwan da ya yi yawa shi ne yake barin ƙofofin da gishiri ke bi. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya sha fiye da jarka guda mai lita 25. A sa biskit, wato 'yan ƙananan dunƙulen siminti da ake sawa tsakanin rodi da katakon zubi, a ɗage rodi, kankaren da ya rufe shi ya kai milimita 50 a wuri irin naka, a girgiza shi da inji, a yi ta ba shi ruwa kwana 7 aƙalla, musamman lokacin hunturu. Tokar buntun shinkafa, wanda yake jibge a Argungu, tana toshe ƙofofin idan an ƙona ta bisa ƙa'ida an niƙa ta lukui, amma ta juji ba ta cikin wannan lissafi.

Kafin nan, ka ɗora buhunan a kan katako, ka janye su daga jikin ginshiƙai, ka kuma sa a riƙa share gishirin da ya zube tun damina ba ta faɗi ba.