Tsoro ne ya sa Orwell ya fake da aladu?

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Na karanta Gandun Dabbobi tun muna sakandare, sai kwanan nan yayana yake ce min wai ba labarin dabbobi ba ne, da Rasha ake. To in haka ne me ya hana marubucin ya kama suna kawai, tsoro ya ji? Daga ɗalibarka a Katsina.

Amsa: Wa alaikissalam. Yayanki bai yi ƙarya ba. Wanda kika karanta fassarar Bala A. Funtua ce ta 1975, asalin littafin kuwa George Orwell ya rubuta, ya fito a Ingila a 1945, kuma da juyin juya halin Rasha na 1917 yake. Alade Napoleon shi ne Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat na lokacin, alade Snowball da karnuka suka fatattaka daga gandu shi ne Trotsky, abokin hamayyar Stalin, wanda aka kora daga Tarayyar Sobiyat a 1929 aka bi shi har Meziko aka kashe a 1940.

Batun tsoro kuwa gaskiya ban yarda ba. Mutumin da ya je yaƙin basasar Sifen har harsashi ya huda masa wuya a 1937, ya kuma tsallake rijiya da baya daga hannun magoya bayan Stalin a Basalona, ai ba shi za a ce wa matsoraci ba. Kuma habaicin bai ɓoye komai ba, kamfanonin ɗab'i da dama suna dubawa suka gane inda aka dosa suka ce ba da su ba, don a lokacin Stalin abokin Ingila ne a yaƙin Hitila, ba mai son ɓata masa rai.

Dabbobin sun yi masa aikin da sunaye ba za su yi ba. Da ya ce Stalin, sai mai karatu ya tsaya gardamar jam'iyya, wannan ya kare wancan ya zaga. Amma ki tuna wajen madara da tuffa, ana korar manomi aka tatsi shanu, dabbobi suka tafi gona suka dawo madara ta yi ƙafa, daga baya aladu suka ce wai su ke aikin ƙwaƙwalwa dole su sha don amfanin kowa, in ba haka ba manomi zai dawo, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. A nan gandun ya lalace tun kafin a ga karnuka da zubar da jini, Orwell da kansa ya ce nan ne labarin ya juya. Wannan ko yaro ɗan firamare ya ji zai ce an yi cuta, bai san wane ne Lenin, jagoran juyin Rashan, ba.

Haka dokin nan Boxer, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen jan duwatsu, da ya faɗi aka ce asibiti za a kai shi ashe mahauta aka sayar wa, aladu suka sayi giya da kuɗin. Ki sake karanta wannan babin a nitse, ki lura da jakin da ya iya karatu amma bai buɗe baki ba sai da aka riga aka saka Boxer cikin keken dawakin da zai tafi da shi.