Fili a bakin sabon titi: in ciro daga jarin shago in saya?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi a Kano ya turo cewa gwamnati na faɗaɗa titi ta wajen gari, ana kuma maganar za a yi rukunin gidaje a wurin, dillali ya kawo masa fuloti biyu dab da kwalta ya ce in bai biya satin nan ba wani zai ɗauka. Kuɗin kuma sai ya ciro kusan rabin jarinsa. Wai ya saya?

Alhaji, titi na ɗaga darajar ƙasa, wannan ba gardama. Matsalar ita ce yaushe. Aikin titin Kano zuwa Maiduguri tun 2006 aka bada shi. Na Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano ƙarshen 2017 aka bada, aka ce shekara 3, amma har 2024 ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bai ƙare ba. To kai da kuɗinka ke juyawa duk sati a shinkafa da taliya da man girki, in ka binne rabinsa a fili kana jiran injiniya ya gama, kantarka za ta fara yin fayau, kwastoma ya zo sau biyu ka ce babu, na uku ba zai dawo ba, ga kaya kullum tashi suke abin da ka sayar yau ba lallai kuɗinsa ya sake sayo maka shi gobe ba. Jari ba a taɓa shi don fili. Riba ake sakawa, wadda in ta kwana shekara biyar ba za ka ji a jikinka ba.

Su ma gidajen kar ka ɗauka ana gamawa mutane za su tare. Dubi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a Kano, an gina su tsaf amma da yawa sun daɗe a kulle ba kowa. Gini ba ya sayen sukari, sai an tare.

Sannan wannan "dab da kwalta" da dillali ke yi maka talla da shi, ni shi ya fi ba ni tsoro. Titin tarayya yana da haraba, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe, abin da ya shiga ciki ba naka ba ne ko da ka biya. Kuma a dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, in aka karɓa don aikin jama'a diyyar gini da shuka ake lissafawa, ba farashin da ka ba dillali ba. Ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka takardar, ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ka ga ko wurin yana cikin tsari, kar ka tsaya kan takardar mai unguwa kawai. Ka tambaya ma ina za a bar wurin juyawa, don in aka raba titi biyu aka sa shinge a tsakiya, shagon da ba ya kusa da mahaɗa rabin masu wucewa sun fi ƙarfinsa. Mai cewa satin nan ko a rasa, bar shi ya sayar wa wancan ɗin.

In kana so ka ci moriyar aikin tun yanzu, bi ma'aikatan. Lebura da direban tifa da magina kullum sai sun sha ruwa sun ci burodi sun sayi sabulu, masu abincin da ke dafa musu kuma buhu suke nema. Kama ɗan kwantena haya na wata shida, sa yaronka da kaya kaɗan daga shagonka, a rinƙa rubuta cinikin kullum a littafi, bashi kuma kar ya wuce ranar biyan ma'aikata. Bayan wata shidan ka kawo littafin mu duba, in wurin ya nuna alama sai a nemi fuloti ɗaya a layi na biyu ko na uku, da ribar da ta taru.