Mijina Ya Daina Barci, Ya Ce An Yi Masa Buɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara uku ke nan mijina yana shan maganin da likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora shi a kai, kuma ya samu sauƙi sosai. Wata biyu da suka wuce ya duƙufa a kan zikiri da sallar dare, na yi murna da farko. Yanzu barcinsa bai wuce awa biyu ba, magana ba ta ƙarewa a bakinsa, yana rabar da kuɗinsa ba lissafi, yana cewa an yaye masa hijabi. Mutumin da ke ba shi wuridi ya ce masa magani yana dushe hasken zuciya, don haka ya ajiye shi. Ina tsoron in hana shi ibada in ɗauki zunubi, ina kuma tsoron in yi shiru in rasa shi. Buɗi ne wannan ko ciwon ne ya dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba a tabbatar da ciwo sai an ga mara lafiya, amma abin da kika zayyana ya isa a ce maigidanki yana bukatar ganin likitansa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba a ƙarshen wata ba. Ƙarancin barci ba tare da gajiya ba, yawan magana, kashe kuɗi ba tunani, da jin cewa an ba mutum wani matsayi na musamman, su ne alamomin da muka fi gani idan ciwon sauyin yanayin rai, wanda ake kira baifola, ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne suke fama da shi a 2019, kuma ba ya tambayar mutum yawan ibadarsa kafin ya kama shi.

Ki lura da bambanci guda. Mai lafiya da ya raya dare, da rana za ki gan shi yana gyangyaɗi, domin jikin baligi yana neman barcin awa 7 zuwa 9. Wanda ciwon ya tasar masa kuwa ba ya jin bukatar barcin gaba ɗaya, kuma kowane daren da ya kwana ido biyu yana ƙara rura wutar ciwon. Sannan ki dubi halinsa. Kusanci da Allah yana haifar da natsuwa, kame baki, tawali'u da sauƙin hali ga iyali. Idan abin da ya ƙaru shi ne saurin fushi, ƙin karɓar gyara da ganin kai sama da kowa, babu wani malamin tarbiyya na gaskiya da zai kira wannan buɗi.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wato cewa magani yana dushe hasken zuciya. Da wuya mako ya wuce ban ji ta ba, wani lokaci da wannan lafazin, wani lokaci a ce mai tawakkali ba ya shan ƙwaya, ko a ce ciwon rai raunin imani ne. Masu faɗin haka sun mayar da magani da ibada kishiyoyi, alhali ba su da hujja ko ɗaya daga addinin da suke fakewa da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito umarnin Annabi (SAW) ga bayin Allah cewa su nemi magani. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da ya ji Abdullahi ɗan Amru yana azumi kullum yana kuma tsayuwar dare duka, hana shi ya yi, ya gaya masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa ma tana da haƙƙi. Da ya ga igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci don ta riƙa idan ta gaji da salla, cewa ya yi a kwance ta. Tun kafin a san asibitin ƙwaƙwalwa na zamani, Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya danganta na biyun da jiki, ya ce yana bukatar maganin jiki. To, daga ina wannan mai ba da wuridi ya samo nasa ilimin?

Abin takaicin shi ne, ranar da za a riƙe mara lafiya a kai shi asibiti, ba za a ga wanda ya ce ya ajiye maganin ba. Mata da 'ya'ya ne za su kwana a bakin gado, su biya bashin da ya ci, su bi mutane suna ba da haƙuri. Idan litiyam ne yake sha, wato ɗaya daga magungunan da ake ba masu wannan ciwon, yanke shi farat ɗaya yana ƙara haɗarin dawowar ciwon da sauri, har da haɗarin mutum ya halaka kansa. Kuma bayan wannan tashin, sau da yawa faɗuwa ce take biyo baya, baƙin ciki mai nauyi da kunyar abin da ya aikata, har sallar farilla ta gagare shi. Wanda ya raba mutum da hankalinsa ya raba shi da ibadar ma, tunda hankali sharaɗi ne na hawan hukunci a kan bawa. Mai ba da irin wannan fatawa ya ji tsoron Allah, domin rai yake wasa da shi.

Ba na musun cewa wasu magungunan suna sa nauyin jiki, har mutum ya ji zuciyarsa ta yi sanyi a wurin zikiri. Wannan koke ne na gaskiya, kuma likita yana iya rage adadi, ko sauya lokacin sha, ko canza maganin. A ɗakin likita ake warware shi.

Ke kuma, kada ki tsaya gardama da shi kan ko an yaye masa hijabi ko ba a yaye ba, ba za ki ci nasara ba. Ki yi masa maganar barci da lafiyar jikinsa, ki nemo wanda yake jin nauyinsa cikin manyansa, ko malamin da ya san darajar magani, su raka ku. Kada ki mayar da shi kan tsohon adadin maganin a gida, domin litiyam yana bukatar gwajin jini da duba ƙoda. Ki killace katin banki da makullin mota cikin hikima. Idan ya ambaci mutuwa, ko ya ce ana ba shi umarni a kunne, ko ya nemi cutar da wani, ku tafi sashen gaggawa a wannan sa'ar.

Ba ki ɗauki zunubi ba. Idan ya dawo hayyacinsa, zikirinsa yana nan yana jiransa, gwargwadon da zai iya dawwama a kai tare da cikakken barci. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da alheri a kan kulawarki.